Kafin a Zuba Kankare: Wasiƙa ga Ɗana da ke Gini a Kanada

Ɗana,

 Mahaifiyarka ta shaida mini an fara haƙa fandishon gidan da kake ginawa a Ontario, sai ga saƙonka ya biyo baya da zanen ginin. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ku shiga lafiya. Mallakar muhalli a ƙasar mutane ba ƙaramin abu ba ne.

Na ga ka zaɓi ɗumama gidan ta ƙasa, wato a shimfiɗa bututun ruwan ɗumi cikin kankaren daɓe, ɗumi ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙafa. Na yaba da zaɓin, domin ya dace da zamanmu. A ƙasa muke salla, a ƙasa muke zama mu ci tuwo, a ƙasa jariri ke rarrafe, kuma ranar da ƙanwata mahaifiyarka za ta zo muku ziyara ka san ba kujera za ta nema ba. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne shawarar da ka ce ɗan kwangila ya ba ka: a rage kaurin allon soso mai tauri da za a shimfiɗa ƙarƙashin kankare, ko a musanya shi da ledar nan mai ƙyalli mai ƙananan kumburin iska, wai tun da zafi sama yake yi, ba ya yin ƙasa. Ina roƙonka kada ka amince. Ka saurari dalilaina, sa'an nan ka yanke da kanka, gidanka ne.

Wannan magana ta cewa zafi sama yake yi ta ɓatar da mutane da yawa. Abin da ke tashi sama iska ce idan ta ɗumama, saboda ta yi rashin nauyi. Shi kuwa zafi a cikin abu mai tauri ba ruwansa da sama ko ƙasa, inda sanyi yake nan yake nufa. Duk wanda ya taɓa kwanciya a kan siminti ba tabarma a daren hunturu ya san haka da haƙarƙarinsa: simintin yana ƙasa da shi, amma shi ya zuƙe masa ɗumin jiki har asuba. Kankaren gidanka haka zai kwanta a kan ƙasa, kuma soson nan shi ne shimfiɗarsa.

Dubi lambobin. Ruwan da zai zagaya cikin bututun ɗuminsa kan kasance tsakanin digiri 30 da 45 a ma'aunin Selshiyos. Fuskar daɓen, inda ƙafa ke takawa, ƙa'idar Turai ta ce kada ta wuce digiri 29 a ɗakunan zama. Ƙasar da ke ƙarƙashin gida a yankinku kuwa tana zaune ne tsakanin digiri 5 da 10. Ke nan akwai tazarar kusan digiri 20 tsakanin kankarenka da ƙasar da yake kwance a kai, dare da rana, tun daga kaka har bazararsu ta shigo. Kankare yana wuce da zafi fiye da soso sau 40 zuwa 50, har ma soso mai kaurin santimita 5 ya fi kankare mai kaurin mita 2 tare zafi. Idan ka yi lissafi a takarda, da tazarar digiri 20, soso mai kaurin santimita 5 zai bar kusan wat 14 ya zurare a kowace murabba'in mita, mai kaurin santimita 10 kuma kusan wat 7. Ƙasar ita ma tana ɗan tarewa, saboda haka asarar gaskiya ba ta kai haka ba, amma ka ninka da faɗin gidanka, ka ninka da watannin sanyi, ka ninka da shekarun da kake fatan zama a ciki. Daga nan ka kwatanta da kuɗin da aka ce za ka tsira da shi yau.

Za ka ji wasu na cewa ai ƙasar za ta ɗumama da kanta, ta zama ma'ajiyar zafi, ta daina sha. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki idan gidan faffaɗa ne ƙwarai, ana maganar tsakiyarsa, kuma ƙasar busasshen yashi ce. Idan laka ce mai danshi, ko ruwan ƙasa yana kusa, to ba ta ƙoshi. Ruwa mai motsi a ƙarƙashin ƙasa yana kwashe ɗumin ya tafi da shi, sabon ruwa mai sanyi ya maye gurbinsa. Ko da ƙasar ta ajiye wani abu, ajiya ce da ba ka da iko a kanta: ba ta dawo maka da shi ranar da kake bukata.

An riga an gwada wannan hanya a idon duniya. A Levittown da ke jihar New York ta Amurka, daga 1947 zuwa 1951, an gina gidaje fiye da 17,000 domin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, aka binne bututun jan ƙarfe cikin kankaren daɓe. A lokacin man ɗumama gida yana da araha, ba a damu da tare zafi a ƙarƙashi ba. Mutane sun ji daɗin ɗumin ƙasan, amma da shekaru suka ja, bututun da yawa suka fara yoyo a cikin kankare inda hannu ba ya kaiwa, masu gidajen da dama suka rufe su suka koma wata hanyar ɗumama. Matsalar bututu an magance ta: wani Bajamushe, Thomas Engel, ya gano hanyar ƙarfafa roba a shekarun 1960, daga nan aka sami bututun PEX da za a sa maka, wanda ba ya tsatsa. Matsalar zafin da ke zurarewa ƙasa kuwa maganinta yana hannun mai gida, kuma rana ɗaya tak ake iya shan sa. Tun ran gini, tun ran zane. Taga in ta yi maka sanyi ka sauya ta bayan shekara biyar, rufi in ya gaza ka hau ka ƙara masa. Ƙarƙashin kankare ba a komawa sai da fasa gida.

To wane soso, kuma kauri nawa? Iri biyu za a nuna maka. Akwai fari mai ƙwayoyi, dangin wanda ake kare talabijin da shi a cikin kwali amma ya fi shi tauri, ana ce masa EPS. Akwai kuma mai launi, shuɗi ko ruwan hoda ko kore, mai santsin jiki, XPS. A can ana auna ƙarfin tare zafi da harafin R da lamba: inci ɗaya na mai launi R-5 ne, na fari kusan R-4. Maginan yankinku suna ɗaukar R-10, wato inci biyu na mai launi, a matsayin mafi ƙanƙantar abin da ake sa wa daɓe mai ɗumi. Ka tambayi ofishin ba da izinin gini na garinku abin da doka ta wajabta, amma ka riƙe a ranka cewa doka iyakar ƙasa take faɗa. Da ni ne, inci huɗu zan sa, a shimfiɗa biyu, a saɓa gaɓoɓinsu yadda tsagar na sama ba za ta hau kan tsagar na ƙasa ba. A arewacin Turai masu gina gidajen da ba sa cin makamashi suna sa santimita 20 zuwa 30, ba don almubazzaranci ba. Ra'ayina ya fi karkata ga fari, domin ya fi araha har ka iya ƙara kauri, kuma iska ce kawai a cikinsa, ƙarfinsa ba ya raguwa da shekaru. Mai launi da wani irin gas ake hura shi, gas ɗin yana sulalewa a hankali, ƙarfin ya ɗan sauka. Dukansu biyu suna aiki in an sa su da kauri.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin duk wanda ya tashi a wajenmu haka zai ce: yaya za a ɗora gida a kan soso? Kwantar da hankalinka. Kankare mai kaurin santimita 10 nauyinsa kusan kilo 240 ne a murabba'in mita. Allon da aka rubuta wa lamba 25 a ma'aunin matsi nasu yana ɗaukar kusan tan 17 a murabba'in mita kafin ya lotsa da kashi goma cikin ɗari. Ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ka dogara da shi, ya ishi kankare da kayan ɗaki da baƙin suna gaba ɗaya. Inda za a yi hattara shi ne ƙarƙashin ginshiƙi da bangon da ke ɗauke da bene. Nan maganar injiniya ce, kada a bar wa lebura ya yanke.

Ita kuwa ledar mai ƙyalli, ƙyallinta yana aiki ne kawai idan akwai sararin iska a gabansa da zai mayar da zafi ta cikinsa. Da zarar an danne ta da kankare, sarari ya tafi, abin da ya rage 'yar iskar cikin kumburin ce, wadda ba ta wuce R-1 da ɗan abu ba. Mai sayarwa zai nuna maka babbar lamba a jikin takarda. Ka tambaye shi ko an auna ta ne a ƙarƙashin kankare. Araha ba ta ado.

Yanzu ga wurin da na fi so ka buɗe ido, domin nan ne ko magina masu kirki suke sakaci: gefen daɓen. Zanenka ya nuna gidan ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, daɓen yana daidai da doron ƙasa, bangon fandisho ya kewaye shi. A tsakiyar gida kankarenka da ƙasa mai digiri 8 yake gwagwarmaya. A gefe kuwa, abin da ke tsakaninsa da iskar waje mai digiri 20 ƙasa da sifiri bai wuce kaurin bango ɗaya na kankare ba. Idan daɓe ya taɓa wannan bango kai tsaye, ka gina wa zafi gada. Tazarar sanyin ta fi yawa a nan, hanyar kuma ta fi gajarta, shi ya sa kowace mita ta gefe take zubar da zafi fiye da kowane wuri a daɓen. In ka zaga tsofaffin unguwanni a watan Janairu za ka ga wasu gidaje dusar ƙanƙara ta narke a gindin bangonsu, ta bar zirin ƙasa baƙi kewaye da gidan. Kuɗin gas ɗin mai gidan ne ya narkar da ita.

Saboda haka a tsayar da allon soso, aƙalla inci biyu, tsakanin bakin daɓe da bangon fandisho, ya zagaye gidan kaf, ya haɗu da na kwance ba tare da giɓi ba, ya taso har daidai fuskar kankare. Magina kan so su tsayar da shi ƙasa kaɗan su rufe kansa da kankare domin mai tayil ya sami inda zai ɗora tayil ɗinsa. Wannan 'yar leɓen kankaren ta isa ta mayar da gadar da aka yanke. Akwai dabara: a yanka wa bangon fandisho mataki a samansa yadda bangon katako na gida zai sauko ya rufe kan soson, ko a fere saman soson a karkace ya zama siriri a baki. Ka sa a zana maka wannan a takarda tun yanzu. Ka duba bakin ƙofofi musamman, da inda daɓen gida ya haɗu da na gareji ko baranda. Kankaren waje da na ciki kada su zama zubi ɗaya, komai sauƙin da hakan zai yi wa masu aiki.

Akwai abu biyu da ke biyo bayan wannan. Na farko, idan ka hana ɗumi zurarewa, ƙasar da ke gindin fandisho za ta fi yin sanyi, kuma ƙasa mai ruwa in ta daskare kumbura take yi ta ɗaga abin da ke kanta. Shi ya sa a kudancin Ontario ake saukar da gindin fandisho aƙalla mita 1.2, a wuraren da suka fi arewa a ƙara zurfi. Kada wani ya rage wannan zurfi da hujjar gidan mai ɗumi ne. Na biyu, idan an sa soso ta wajen bango, duk inda ya leƙo sama da ƙasa a rufe shi da filasta ko faranti, domin rana tana cin sa, kuma gara da manyan tururuwa masu huda katako suna son yin hanya a cikinsa su hau gida ba a gan su ba. Kai da ka san gara tun kana yaro, ka sani akwai ta a wasu unguwannin Toronto. Ka tambayi maƙwabta.

Jerin shimfiɗar ba shi da wuya, kuma rabinsa ka san shi daga gida, inda ake sa leda kafin a zuba jaman fulo. A kwashe baƙar ƙasa ta sama, a daddaɓe ta ƙasa da inji. A zuba tsakuwa wankakkiya mai kaurin santimita 10 ko fiye, domin danshi ba ya iya hawa ta cikin tsakuwa. A nan ne za a binne bututun fitar da iskar radon, wata iska marar wari da ke fitowa daga ƙasa, mai haddasa sankarar huhu, wadda hukumomin lafiya na Kanada suke yawan gargaɗi a kanta. A baje tsakuwar ta kwanta sumul domin allon ya zauna ba rami a ƙarƙashinsa. Sai soso. Sai leda mai kauri a kansa, a ɗora baki kan baki da kamar taƙi guda, a liƙe da salatif ɗinta, a liƙe kewayen duk bututun da ya huda ta. Kankare ya zauna kai tsaye a kan leda. Idan wani ya ce a zuba yashi tsakaninsu, ka ƙi. Yashin yakan sha ruwa ya riƙe, ba hanyar fita sai ta sama, sai daɓenka ya yi shekaru yana fitar da danshi yana ɓata katako da gam.

Bututun kansa aikin masu shi ne, ba zan tsawaita ba. Ka tabbata mai rigar hana iskar oksijin shiga ne, in ba haka ba famfo da tukunyar ɗumama ruwa za su yi tsatsa. Tazara tsakanin layi da layi santimita 15 zuwa 30, a matse su kusa da bangon waje da manyan tagogi. Kowane zagaye na bututu mai rabin inci kada ya wuce mita 90, kuma kada a yi haɗi a cikin kankare. Abin da na fi damuwa da shi matsayinsa ne: bututun da aka bari kwance a can ƙasan kankare yana bukatar ruwa mai zafi fiye da wanda ke tsakiya kafin ya ba da ɗumi iri ɗaya. A ɗaure shi a ragar ƙarfe, a ɗaga ragar a kan 'yan ƙafafu. Alkawarin cewa za a riƙa jan ragar sama da ƙugiya yayin zubi, da wuya ya cika, domin mai jan yana tsaye a kanta. Duk digirin da ka rage a zafin ruwa riba ce, musamman in wata rana ka koma injin da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa idan ruwan da ake nema bai yi zafi sosai ba.

Ranar zubi ka ɗauki hutu daga aiki ka tsaya a wurin. Tun jajibere a hura wa bututun iska, a ɗaura masa agogon matsi, a bar shi ya kwana. In allura ta sauka sosai da safe, kada motar kankare ta sauke komai sai an gano dalili. A bar matsin a ciki har a gama zubi, domin in shebur ko ƙafar baro ta huda bututu, nan take za a ga kumfa a gyara. Kafin kankare ya rufe komai, ka bi ɗaki ɗaki ka ɗauki hoto, da tef ɗin awo a shimfiɗe daga bango. Wata rana kafinta zai zo da niyyar huda ƙasa, hoton nan ne zai hana shi. Haka masu yanka layi a kankare domin tsagewa ta bi, sukan yanka rubu'in kaurinsa. Su san zurfin bututun kafin zarto ya taɓa ƙasa. Kuma ka yi wa ma'aikatan nan magana mai daɗi, ka kai musu shayi mai zafi. Mutumin da aka girmama yakan kula da inda yake taka ƙafarsa.

In kuɗi ne suka matse, ga wuraren ragewa da yawa: kabad ɗin kicin masu tsada, fitilun ado, shimfiɗar farfajiya, kammala gareji. Duk waɗannan suna jira har ka sami sarari, kuma na tabbata maiɗakinka za ta yarda in ka nuna mata lissafin.

Bayan zubi kada ka yi gaggawar kunna ɗumi. Ƙa'idar Turai ta ce a jira aƙalla kwana 21, a fara da ruwa mai digiri 20 zuwa 25 na kwana uku, sa'an nan a ɗaga. Kankaren da aka ɗumama yana ɗanye yakan tsattsage. Idan kun tare, za ka ga daɓen yana da jinkiri, yakan ɗauki sa'o'i kafin ya amsa, saboda haka a saita ma'aunin ɗumi a bar shi, kada a riƙa kashewa da dare ana kunnawa da safe. Sai maganar kafet, wadda na san za ta taso a gidanku. Kafet mai kauri daga bango zuwa bango, da soso a ƙarƙashinsa, tare zafi yake yi ta sama, sai ya tura shi ƙasa inda ba ka so. Tayil ya fi kowace shimfiɗa sakin ɗumi. In katako kuke so, a nemi wanda aka yi domin daɓe mai ɗumi, kuma kada fuskarsa ta wuce digiri 27. Darduma ta salla da 'yar shimfiɗa marar kauri a tsakiyar falo ba za su hana komai ba.

Ka turo mini zanen gefen daɓen da zarar an gyara shi, in duba kafin a kafa katakon zubi. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Kawunka.